Matsalolin Daskarewar Jini da Rikicewar Garkuwar Jiki a Karnuka da Kyanwoyi Masu Matsanancin Ciwo

Tsakure

Daskarewar jini da garkuwar jiki ayyuka ne biyu da ke tafiya tare a jikin dabba, kuma idan ciwo ya tsananta tare suke rikicewa. Karen da ke kwance rai a hannun Allah yana iya zubar da jini ta hanci da hanji a daidai lokacin da gudajin jini ke toshe masa jijiyoyin huhu da na ƙoda. Wannan maƙala ta bi yadda jini ke daskarewa a lafiyayyen jiki da yadda kumburi ke ɓata tsarin, sannan ta duba manyan matsalolin da likitan dabbobi ke cin karo da su: daskarewar jini barkatai a cikin jijiyoyi, farmakin garkuwa a kan ƙwayoyin jinin dabbar da kanta, toshewar babbar jijiya a kyanwa, gubar maganin ɓera da dafin maciji. Ta kuma yi bayanin gwaje-gwaje da ƙa'idojin ƙarin jini. Matsayar maƙalar ita ce, zubar jini da toshewar jijiya alamu ne na wani ciwo da ke ƙasa, kuma gano wannan ciwo da matakin da dabbar ta kai shi ne ke raba maganin da zai cece ta da wanda zai ƙarasa ta.

1.0 Gabatarwa

Dabbar da ake kira mai matsanancin ciwo ita ce wadda wani babban sashe na jikinta ya gaza ko yake dab da gazawa, har take bukatar kulawa ba dare ba rana. A cikin irin waɗannan akwai kwikwiyon da cutar farbo ta ɗaye wa hanji, da karen da mota ta buge, da karyar da mahaifarta ta cika da mugunya, da karen da tumbinsa ya kumbura ya murɗe, da wanda zafin rana ya kayar, da kyanwa mai ciwon zuciya ko ciwon hanta. Asalin ciwonsu ya bambanta, amma jininsu yakan bi hanya kusan iri ɗaya wajen lalacewa. Sau da yawa ciwon farko yana amsa magani, sai dabbar ta mutu bayan kwana biyu ko uku saboda jinin da ya tsinke ko gudan jinin da ya toshe huhu. Wannan ne ya sa nazarin daskarewar jini ya zama ginshiƙi a fannin kula da dabbobi masu matsanancin ciwo.

2.0 Yadda jini ke daskarewa a lafiyayyen jiki

Idan jijiyar jini ta yanke, abu na farko shi ne ta tsuke. Nan take wasu ƙananan ƙwayoyi da ɓargo ke samarwa, waɗanda ake kira filetilet, sukan manne a bakin raunin da taimakon wani furotin mai suna sinadarin von Willebrand, su taru su yi toshiya ta wucin gadi. Lafiyayyen kare yana da filetilet tsakanin 200,000 zuwa 500,000 a kowace maikurolita ta jini.

Mataki na biyu na sinadaran daskarewa ne, waɗanda hanta ke samar da akasarinsu, ana kuma kiransu da lambobin Romawa. Sinadari na III, wanda ke kwance a cikin naman da ke kewaye da jijiya, shi ne ke tayar da aikin idan ya haɗu da sinadari na VII. Daga nan kowane sinadari yana tayar da na gaba har a samu turombin, shi kuma turombin ya mayar da fibirinojin da ke narke a jini zuwa zaren fibirin, wanda ke ɗaure toshiyar farko ta yi ƙarfi. Sinadarai huɗu, wato na II da na VII da na IX da na X, ba sa aiki sai hanta ta kammala su da bitamin K. A 1964 ne Macfarlane a Ingila, da Davie da Ratnoff a Amurka, suka bayyana wannan aiki a matsayin jerin matakai masu bin juna. A 2001 Hoffman da Monroe suka gyara fahimtar, inda suka nuna cewa aikin yana gudana ne a bisa fatar ƙwayoyin halitta, musamman filetilet da suka farka.

Jiki yana da hanyoyin taka wa wannan aiki birki don kada ya wuce bakin rauni. Antiturombin yana kashe kaifin turombin, furotin C yana kashe sinadari na V da na VIII, shimfiɗar cikin jijiya kuma tana hana filetilet mannewa inda babu rauni. Idan raunin ya warke, filasmin ne ke narkar da fibirin, kuma ɓurɓushin da yake bari, wanda ake kira D-dima, shi ake aunawa don sanin ko an yi daskarewa da narkewa a cikin jiki.

3.0 Mahaɗar kumburi da daskarewa

Ana danganta wa likitan Jamus na ƙarni na 19, Rudolf Virchow, dalilai uku da ke sa jini ya daskare a inda bai kamata ba: lalacewar bangon jijiya, tafiyar hawainiya ko tsayawar jini, da sauyin da ke sa jinin kansa saurin daskarewa. Dabba mai matsanancin ciwo takan haɗa ukun. Tana kwance ba motsi, bugun jininta ya yi ƙasa, an sa mata robar ƙarin ruwa a jijiya, ga kumburi ya game jiki.

Kumburi shi ne babban mai rura wutar. Idan ƙwayoyin cuta suka shiga jini, ko nama mai yawa ya mutu, fararen ƙwayoyin jini sukan saki sinadaran da ke sa sinadari na III ya bayyana a cikin jini maimakon ya tsaya a bayan bango. A lokaci guda antiturombin da furotin C suna raguwa, narkar da fibirin kuma yana ja baya. A 2004 masu bincike a Balin ta Jamus suka nuna cewa fararen ƙwayoyin da ake kira nutirofil suna fesar da kayan cikinsu ya zama taru mai kama ƙwayoyin cuta. Daga baya aka gane cewa wannan tarun yana kama filetilet kuma yana tayar da daskarewa. Shi ma turombin yana komawa ya ƙara zuga kumburi. Idan abin ya tsaya a wuri ɗaya yana da amfani, domin yana killace cuta ya hana ta yaɗuwa. Idan ya game jiki, shi ne ke kashe gaɓoɓi ɗaya bayan ɗaya.

4.0 Daskarewar jini barkatai a cikin jijiyoyi

Wannan yanayi, wanda likitoci ke taƙaitawa da DIC, ba ya zuwa shi kaɗai. Kullum akwai ciwon da ya haifar da shi. A karnuka an fi ganinsa tare da gubar ƙwayoyin cuta a jini, da bugun zafin rana, da kumburin fankiriyas, da murɗewar tumbi, da mummunan rauni, da cutar Babesia, da sankarar jijiyoyin jini da ke yawan kama saifa. A kyanwoyi ya fi bin sankara, da ciwon hanta, da kumburin fankiriyas, da cutar kumburin shimfiɗar ciki da ake kira FIP.

Yana farawa da matakin da ba a gani da ido. Ƙananan gudaji suna cika siraran jijiyoyin ƙoda da huhu da hanta da hanji, dabbar tana ƙara galabaita, amma babu ɗigon jini a waje. Sannu a hankali filetilet da sinadaran daskarewa suna ƙarewa saboda an cinye su fiye da yadda ɓargo da hanta za su iya mayarwa. Sai mataki na biyu ya bayyana: jini na tsattsafowa daga wurin allura, tabo ja ko shuɗi a fatar ciki, jini a fitsari da kashi. Kyanwa ba ta cika kai wa ga zubar jini a fili ba, shi ya sa ake yawan kuskure ciwon a jikinta.

Babu gwaji ɗaya da ke tabbatar da DIC. Ana dogara ne da samun ciwon da ke iya jawo shi, tare da aƙalla uku daga cikin waɗannan: raguwar filetilet, tsawaitar lokacin daskarewa a gwajin PT ko aPTT, raguwar fibirinojin, hauhawar D-dima, raguwar antiturombin, da gutsattsarin jajayen ƙwayoyi a madubin likita. Maimaita gwaji ya fi gwaji ɗaya fa'ida. Filetilet da suka sauka daga 300,000 zuwa 180,000 cikin yini guda gargaɗi ne, ko da adadin bai kai matakin tsoro ba.

Maganinsa shi ne kawar da tushen: a cire mahaifar da ta ruɓe, a warware tumbin, a ba da maganin ƙwayoyin cuta da wuri, a dawo da gudanar jini da ƙarin ruwa gwargwado, a ba da iskar oksijin. Ana ba da ruwan jini mai ɗauke da sinadaran daskarewa ga dabbar da ke zubar da jini ko za a yi wa tiyata, ba don gyara lambar gwaji kawai ba. Hefarin, maganin hana daskarewa, yana da gurbi a matakin farko na yawan daskarewa, amma haɗari ne ga dabbar da jininta ya riga ya tsinke.

Bugun zafin rana ya cancanci ambato na musamman a ƙasashen da bazara ke tsananta, irin arewacin Nijeriya da Nijar, inda ake ɗaure kare a rana ko a kulle shi a keji mai rufin kwano. Idan zafin jiki ya haura digiri 41 a ma'aunin Salshiyos, shimfiɗar jijiyoyi da ta hanji sukan lalace. Ana sanyaya karen da ruwa da iska, a dakata idan zafin ya sauko kusan 39.5. Karen da ya farfaɗo bai tsira ba tukuna, domin tsinkewar jini tana iya bayyana bayan yini ɗaya zuwa uku.

5.0 Idan garkuwa ta juya wa jinin dabbar

5.1 Rushewar jajayen ƙwayoyin jini

A ciwon da ake kira IMHA, jiki yana ƙera sinadaran garkuwa da ake kira antibodi, masu mannewa a jajayen ƙwayoyin jininsa. Saifa da hanta sukan cinye ƙwayoyin da aka yi wa wannan alama, wani lokaci kuma su fashe a cikin jijiya. Karen yakan raunana cikin 'yan kwanaki, dasashinsa ya yi fari ko ya yi ruwan ɗorawa saboda shawara, numfashi da bugun zuciya su yi sauri, fitsari ya yi duhu. Kason jajayen ƙwayoyi a jinin lafiyayyen kare yana tsakanin 37 zuwa 55 cikin ɗari, amma a wannan ciwo yakan faɗo ƙasa da 15. Ya fi kama karnuka masu matsakaicin shekaru, mata sun fi maza, kuma jinsin Cocker Spaniel ya yi fice da shi.

A 2019 Kwalejin Likitocin Cututtukan Cikin Jikin Dabbobi ta Amurka, ACVIM, ta fitar da matsayar masana a kan gano ciwon da maganinsa. Bayan ƙarancin jini, ana neman alamu biyu na farmakin garkuwa da aƙalla alama ɗaya ta fashewar ƙwayoyi. Alamun farmaki su ne: dunƙulewar jajayen ƙwayoyi idan an gauraya ɗigon jini ɗaya da ɗigo huɗu na ruwan gishirin asibiti, ganin ƙananan ƙwayoyi mulmulallu a madubi, da gwajin Coombs. Wannan gwaji na ƙarshe an samar da shi a Kambirij a 1945, kuma Robin Coombs da ake kiransa da sunansa likitan dabbobi ne a karatunsa na farko. Mulmulallun ƙwayoyi ba abin dogaro ba ne a kyanwa, domin jajayen ƙwayoyinta ƙanana ne tun asali.

Babbar tambaya ita ce ko farmakin ya taso haka kawai ko akwai abin da ya tayar da shi. A ƙasashe masu zafi wannan tambaya ta fi nauyi, saboda kaska. Babesia vogeli da Babesia rossi, waɗanda kaska ke yaɗawa, suna shiga jajayen ƙwayoyi, kuma karen da ke ɗauke da su yana iya nuna dunƙulewar jini da gwajin Coombs mai kamawa. Sammore ma yana kawo ƙarancin jini da raguwar filetilet a kare. A kyanwa ana neman Mycoplasma haemofelis da ƙwayar cutar sankarar jini ta kyanwa. Akwai kuma gubar da ke fasa jajayen ƙwayoyi ba tare da hannun garkuwa ba, kamar albasa a abincin kare da farasitamol a kyanwa. Danne garkuwar karen da ke fama da Babesia ba tare da kashe ƙwayar cutar ba kuskure ne mai tsada. Shi ma maganin diminazin da ake kashe Babesia da shi, a miligiram 3.5 ga kowane kilo, yana bukatar a auna nauyin karen daidai, domin ƙarin da bai taka kara ya karya ba yana iya lalata ƙwaƙwalwa.

Idan an tabbatar da IMHA, ana fara danne garkuwa da firednisolon a miligiram 2 zuwa 3 ga kowane kilo a yini, a rage wa manyan karnuka saboda ba sa jure shi. A ciwo mai tsanani ana ƙara magani na biyu, kamar saikulosforin, maikofenolet ko azatiyofirin. Ba a ba kyanwa azatiyofirin domin yana kashe mata ɓargo. Ana janye maganin a hankali cikin wata uku zuwa shida.

Abin da ya fi kashe waɗannan karnuka a makonni biyun farko shi ne gudan jini, musamman a jijiyoyin huhu. Saboda haka matsayar 2019 ta ce a ba kowane kare mai IMHA maganin hana daskarewa, sai wanda filetilet ɗinsa suka gaza 30,000. Ana amfani da hefarin ko ribaroksaban, ko kilofidogirel idan waɗancan ba su samu ba. Karen da numfashinsa ya rikice farat ɗaya, hoton ƙirji kuma bai nuna abin da ya kai tsananin wahalarsa ba, a ɗauka huhunsa ya toshe har sai an tabbatar da akasin haka.

5.2 Rushewar filetilet

A ciwon ITP, filetilet ne garkuwa ke wa farmaki. Jini ba ya zuba da kansa sai adadinsu ya faɗo ƙasa da kimanin 30,000, kuma a wannan ciwo yakan sauka ƙasa da 20,000. Alamunsa ɗige-ɗigen jini ne a dasashi, da cikin kunne, da fatar ciki, tare da haɓo da jini a cikin ido. Baƙin kashi mai yauƙi yana nuna jini na zuba a hanji, kuma alama ce ta ciwo mai nauyi. Idan ITP ya haɗu da IMHA ana kiransa ciwon Evans.

A nan ma kaska ce abar tuhuma ta farko. Ehrlichia canis, wadda Donatien da Lestoquard suka fara bayyanawa a Aljeriya a 1935, tana yaɗuwa ta kaskar kare mai ruwan ƙasa, Rhipicephalus sanguineus, wadda ke rayuwa a tsagar bango da ɗakin kare. Cutar ta kashe karnukan sojan Amurka da yawa a yaƙin Biyetnam, akasarinsu jinsin Alsatian, wanda har yau ya fi shan wahalarta. Idan ta daɗe takan durƙusar da ɓargo, duk ƙwayoyin jini su ragu. Maganinta doksisaikilin ne, miligiram 10 ga kowane kilo a yini har kwana 28. A inda kaska ta yi yawa, hikima ce a fara shi ga duk karen da filetilet ɗinsa suka faɗi kafin sakamakon gwaji ya fito.

ITP na asali ana maganinsa da firednisolon. Allurar binkiristin sau ɗaya a jijiya, miligiram 0.02 ga kowane kilo, tana gaggauta dawowar filetilet a kare. Ana kwantar da dabbar a wuri mai laushi, a guji allurar tsoka da ɗibar jini daga jijiyar wuya. Kafin a yanke hukunci kuma a duba jinin a madubi, saboda filetilet na kyanwa suna yawan cunkushewa na'ura ta ƙirga su ƙasa da yadda suke, haka nan karnukan Cavalier King Charles Spaniel da dama an haife su da filetilet manya marasa yawa, kuma lafiyarsu ƙalau.

6.0 Toshewar manyan jijiyoyi

A kyanwa mai ciwon kaurin tsokar zuciya, ɗakin sama na hagu na zuciyar yakan buɗe, jini ya riƙa kwanciya a ciki har ya yi guda. Idan gudan ya ɓalle, yakan bi babbar jijiya ya sauka a mararrabar da ke rabuwa zuwa ƙafafun baya, ya hau ta kamar sirdi. Kyanwar takan faɗi nan take tana kuka, ƙafafun baya sun shanye, sun yi sanyi, babu bugun jini a cinya, tafin ƙafa ya yi fari ko shuɗi, tsokar sha-raɓa ta ƙage. Binciken da aka buga a 2003 a kan kyanwoyi 127 a Jami'ar Minnesota ya nuna cewa idan zafin dubura ya gaza digiri 37.2, damar tsira ba ta kai rabi ba.

Aikin farko shi ne kashe zafin ciwo da magani mai ƙarfi irin metadon ko bufirenofin, sannan a kula da gazawar zuciya idan akwai, a fara hefarin da kilofidogirel. Lokacin da jini ya fara komawa ƙafar ma yana da nasa haɗarin, domin fotashiyam da ya taru a mataccen nama yana iya kwararowa ya tsayar da zuciya. Game da hana dawowar ciwon, binciken da Hogan da abokan aikinsa suka buga a 2015 ya gwada kilofidogirel miligiram 18.75 kullum da asfirin miligiram 81 duk bayan kwana uku. Matsakaicin lokacin da aka ɗauka kafin ciwon ya dawo ya kai kwana 443 a rukunin kilofidogirel, da kwana 192 a rukunin asfirin.

A kare, toshewar jijiya ta fi bin ciwon ƙoda mai zubar da furotin a fitsari, inda antiturombin ke fita tare da albumin, da ciwon hanji mai zubar da furotin, da yawan sinadarin kotisol, da sankara, da tsutsar zuciya. Ƙa'idojin CURATIVE da Kwalejin Likitocin Agajin Gaggawa na Dabbobi ta Amurka ta fitar a 2019 sun sanya IMHA da ciwon ƙoda mai zubar da furotin a kare, da ciwon tsokar zuciya a kyanwa, a sahun cututtukan da suka fi bukatar maganin hana daskarewa.

7.0 Guba da dafi

A shekarun 1920 shanu sun riƙa mutuwa da zubar jini a Kanada da arewacin Amurka bayan cin harawar wata ciyawa da ta yi fumfuna. Binciken Karl Paul Link a Jami'ar Wisconsin ne ya gano sinadarin da ke jawo haka, daga nan aka samar da warfarin, wanda ya shiga kasuwa a matsayin maganin ɓera a 1948. Shi da magadansa masu ƙarfi irin burodifakum suna hana hanta sake amfani da bitamin K. Karen da ya ci ba ya nuna komai sai bayan kwana uku zuwa biyar, lokacin da sinadaran da ke jininsa suka ƙare. Jinin yakan zuba a cikin jiki, a ƙirji ko huhu ko ciki, don haka tari da wahalar numfashi na iya zama alamar farko. Sinadari na VII ne ke fara ƙarewa, shi ya sa PT ke fara tsawaita. Maganin bitamin K1 ne, miligiram 2.5 zuwa 5 ga kowane kilo a yini, da abinci mai maiƙo, har mako huɗu ga gubar mai daɗewa, sannan a sake auna PT kwana biyu zuwa uku bayan an daina. Bitamin K3 ba ya wannan aiki. Karen da ke zubar da jini yana bukatar sabon jini ko ruwan jini nan take, domin hanta na ɗaukar sa'o'i kafin ta ƙera sababbin sinadarai. Ba kowane maganin ɓera ke aiki ta wannan hanya ba, don haka a nemi mai dabba ya kawo kwalin.

Dafin kububuwa, Echis ocellatus, wadda ta addabi yankin Kaltungo da kwarin Binuwai, yana tayar da sinadari na II kai tsaye, ya cinye fibirinojin har jini ya kasa daskarewa. Karnukan farauta da na gona suna cikin haɗarinta. Aikin David Warrell da abokansa a Zariya a shekarun 1970 ne ya yaɗa gwajin minti 20: a zuba kimanin mililita 2 na jini a busasshiyar kwalbar gilashi mai tsabta, a ajiye ba motsi, a karkata ta bayan minti 20. Jinin da ya kwarara shaida ce cewa dafi ya ci. Maganinsa allurar kashe dafi ce da ta dace da macijin. Hefarin ba ya tare wannan dafi, tsaga wurin sara da ɗaure ƙafa tamau kuwa ƙara ɓarna suke yi.

8.0 Gwaje-gwaje da karanta su

Irin zubar jinin yana nuna inda matsalar take. Ɗige-ɗige a fata da dasashi suna nuni ga filetilet, jini a ramukan jiki da gaɓoɓi kuma yana nuni ga sinadaran daskarewa. Asibitin da ba shi da manyan na'urori yana iya sanin abu mai yawa da kayan da ke hannunsa: auna kason jajayen ƙwayoyi da furotin, duba launin ruwan jini, gwajin ruwan gishiri, gwajin kwalbar gilashi, da shafa jini a gilashi a rina a duba. Kowace filetilet ɗaya da aka gani a fage guda a babban ƙarfin madubi tana wakiltar kimanin 15,000 a maikurolita. A wannan shafin jinin ne kuma ake ganin Babesia da sammore.

Gwajin PT da aPTT suna bukatar jinin da aka ɗiba da huda ɗaya mai tsabta, a zuba a kwalbar sitiret, kashi tara na jini ga kashi ɗaya na sitiret. Suna nuna ƙarancin sinadarai, amma ba sa nuna yawan daskarewa. Kyanwoyi da dama suna da ƙarancin sinadari na XII na gado, aPTT ɗinsu ya tsawaita ba tare da suna zubar da jini ba. Cututtukan gado na gaske su ne ciwon von Willebrand da ya yawaita a Doberman, da himofiliya ta ƙarancin sinadari na VIII da ake samu a mazan Alsatian. Na'urar TEG, wadda Hartert ya ƙirƙiro a Jamus a 1948, tana zana samuwar gudan jini da ƙarfinsa da narkewarsa, saboda haka tana iya nuna yawan daskarewa da saurin narkewa. Saurin narkewa yana faruwa bayan mummunan rauni ko zubar jini a ciki, kuma a nan ne maganin tiranekzamik asid ke da amfani. Dabbar da ta ji rauni dole a ɗumama ta, domin sanyin jiki da tsamin jini da yawan ƙarin ruwa duk suna raunana daskarewa.

9.0 Ƙarin jini

Ƙarin jini na farko da tarihi ya tabbatar da nasararsa tsakanin kare da kare aka yi shi, a hannun Richard Lower a Okusfod a 1665. A yau ana yanke shawarar ƙarin jini ne bisa halin dabbar, wato bugun zuciya, numfashi da ƙarfin jiki, tare da lambar gwaji. Kimanin mililita 2 na cikakken jini ga kowane kilo suna ɗaga kason jajayen ƙwayoyi da maki ɗaya. Sabon jinin da aka ba cikin sa'o'i shida zuwa takwas yana ɗauke da filetilet da duk sinadarai, wanda aka ajiye a firiji kuwa yakan rasa filetilet da sinadari na V da na VIII.

A kare, rukunin jini mafi muhimmanci shi ne DEA 1. Kare ba ya zuwa duniya da antibodi masu ƙarfi a kan wannan rukuni, don haka ƙarin farko ba ya cika kawo matsala, amma bayan kwana huɗu dole a gwada dacewar jini kafin a sake. Kyanwa tana da rukunin A da B da AB, kuma mai rukunin B tana da antibodi masu ƙarfi a kan A tun ba a taɓa ƙara mata jini ba. Jinin A kaɗan yana iya kashe ta, saboda haka ba a ƙara wa kyanwa jini sai an gwada. Karen da zai ba da mililita 450 ya kasance lafiyayye mai nauyin kilo 25 ko fiye, kuma a tabbatar ba ya ɗauke da Babesia ko Ehrlichia.

10.0 Kammalawa

Dabba mai matsanancin ciwo tana iya tashi daga yawan daskarewa zuwa tsinkewar jini cikin yini guda, maganin da ya dace da safe kuma ya zama haɗari da yamma. Abin da ke kare likita daga wannan shi ne tambayoyi uku da zai riƙa maimaitawa a kan kowace dabba: wane ciwo ne a ƙasa, wane sashe na tsarin ne ya gaza, kuma wane mataki aka kai yanzu. A yankunan da kaska da maciji da maganin ɓera da zafin bazara suka yawaita, wajibi ne a kawar da waɗannan kafin a ɗora laifi a kan garkuwar jiki. Ya kamata asibitocin koyarwa na dabbobi su tanadi karnuka da kyanwoyi masu ba da jini waɗanda aka tantance, su ajiye bitamin K1 da allurar kashe dafi, su kuma horar da ɗalibai a kan karanta shafin jini a madubi, domin shi ne gwaji mafi araha kuma mafi yawan bayani a wannan fanni.